BABI NA UKU: TARIHIN SARRAFA RUWA A TASHAR WUTAR LANTARKI TA KAINJI, 1964 ZUWA 2024

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda wutar lantarki ta shigo Nijeriya da kuma hukumomin da suka kula da ita. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin ruwan da tashar Kainji take dogara da shi, wato inda yake fitowa, da yadda ake tara shi, da yadda ake sakinsa, da kuma mutanen da tarawar da sakin suke shafa. Dalilin keɓe wa ruwa babi guda shi ne, a tasha irin ta Kainji ruwa shi ne makamashi. Tashar da take ƙona gas ko kwal tana iya sayo makamashinta a kasuwa, amma Kainji sai abin da kogi ya kawo mata. Saboda haka babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa nasara ko gazawar tashar ta rataya ne a kan abubuwa uku: ruwan sama da ake yi a ƙasashen da ke sama da Nijeriya, da lafiyar injinan tashar, da kuma shawarar da mahukunta suke yankewa idan bukatar wuta ta ci karo da bukatar manomi da masunci.

3.1 Kogin Kwara da Ruwansa Iri Biyu

Kogin Kwara, wanda aka fi sani da Kogin Neja a littattafai, yana da tsawon kimanin kilomita 4,180. Ya faro ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya biyo ta Yamai a Jamhuriyar Nijar, ya shafi iyakar Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kabi. Daga nan sai ya gangaro ta Yawuri da Busa da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya zarce teku.

Abin da ya bambanta wannan kogi da sauran kogunan ƙasar Hausa shi ne yakan kawo ruwa sau biyu a shekara a yankin Kainji. Na farko shi ne wanda ake kira farin ruwa. Wannan ruwan damina ne na kusa, wanda Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima da sauran ƙananan koguna suke zubowa cikin Kwara daga watan Agusta zuwa Oktoba. Yana zuwa da laka da yumɓu, shi ya sa launinsa yake yin fari-fari. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wato ruwan da aka yi a tsaunukan Gini tun da damina. Kafin ya iso sai ya bazu a cikin manyan fadamun Mali da ke tsakanin Segu da Tambutu, inda yake tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, rana kuma ta shanye kaso mai yawa daga cikinsa. Ba ya isowa Kainji sai da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma yakan zo garau. Sunan ya yi daidai da yadda Bahaushe yake kiran ruwan da ba a gauraya shi da kome ba baƙin ruwa.

Wannan hali na kogin shi ne ya ja hankalin injiniyoyi. Kogin da yake kawowa sau ɗaya yakan bar madatsa da dogon rani, amma Kwara tana ƙara wa tafki ruwa a lokacin da sauran koguna suka fara ƙafewa. Sai dai a cikin wannan alheri akwai wani rauni, domin baƙin ruwa ba na Nijeriya ba ne. Duk abin da ya taɓa shi a Gini ko Mali ko Nijar, fari ne ko madatsa, sai an ji a jika a Kainji.

3.2 Shiri da Ginin Madatsa

Tun a shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko kamfanin NEDECO na ƙasar Holan domin ya binciki Kwara da Binuwai, musamman don inganta sufurin jiragen ruwa. A ɗaya ɓangaren kuma hukumar wutar lantarki ta ECN tana neman wurin da za a samar da wuta mai arha. Daga baya aka haɗa binciken NEDECO da na kamfanin Balfour Beatty na Ingila, aka tsayar da shawara a kan Kainji, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu. A shekarar 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kwara, wato NDA, kuma aikin ya zama mafi girma a cikin Shirin Raya Ƙasa na 1962 zuwa 1968.

An fara gini a shekarar 1964, a zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin, Bankin Duniya kuma ya ba da rancen dala miliyan 82. Duk da juyin mulkin 1966 da yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967, aikin bai tsaya ba. A watan Agusta na 1968 aka toshe kogin, tafki ya fara cika, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a watan Fabrairu na 1969.

Tafkin da ya samu yana da tsawon kimanin kilomita 135, yana kuma iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 15. An gina wa tashar gurbin injina 12, amma 4 aka fara da su, kowanne mai megawat 80. A cikin shekarun 1970 aka ƙara wasu 4, biyu masu megawat 100, biyu masu megawat 120, jimillar ƙarfin tashar ya zama megawat 760. Manufar madatsar ba wuta kaɗai ba ce. An yi niyyar ta sauƙaƙa tafiyar jiragen ruwa, ta rage ambaliya, ta bunƙasa su, ta kuma taimaka wa noman rani. Waɗannan manufofi sun zauna lafiya da juna a kan takarda, amma a aikace kowacce tana son a riƙe ruwa ko a sake shi a lokacin da ya dace da ita.

Wajibi ne a ambaci waɗanda suka fara biyan kuɗin wannan ruwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu, cikinsu har da Busawa da Kambari da Gungawa da Lopawa da Yawurawa. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya rasu a 1806, ta nutse, aka gina Sabuwar Busa a madadinta. Tsibirin Foge ma ya shiga ƙarƙashin ruwa. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa da jigo a bakin kogi da cikin gungu, sun rasa ƙasar da ruwa yake sabunta mata laka kowace shekara.

3.3 Yadda Ake Sarrafa Ruwan Tafki

Ƙarfin wutar da tasha irin wannan take bayarwa ya dogara ne a kan abu biyu: yawan ruwan da yake bi ta cikin farfelar inji, da kuma tsayin da ruwan yake faɗowa. Alal misali, idan kubik mita 1 na ruwa yana faɗowa daga tsayin mita 30 a kowace daƙiƙa, zai ba da wuta kimanin kilowat 265. Idan tafki ya yi ƙasa, tsayin faɗowar ya ragu, to dole a ƙara yawan ruwa kafin a sami wuta daidai da ta da. Ma'ana dai, lokacin da ruwa ya yi ƙaranci shi ne kuma lokacin da kowane megawat yake cin ruwa mai yawa. Wannan shi ne tushen dukkan lissafin da injiniyoyin tashar suke yi.

Saboda haka aka tsara wa tafkin zagayen shekara. Daga Agusta farin ruwa yakan fara cika shi. Baƙin ruwa ya zo ya ƙarasa, ya kuma riƙe shi a cike har zuwa ƙarshen hunturu. Iyakar cikarsa ita ce kusan mita 142 sama da teku. Daga wajen Maris, da yake abin da ke shigowa bai kai abin da injina suke sha ba, sai tafkin ya riƙa ja da baya har zuwa Yuli ko Agusta, inda yakan sauka da kimanin mita 10. Wannan saukar tana da amfani biyu: an yi wuta da ruwan a lokacin bazara, an kuma samar da wurin da zai karɓi ruwan sabuwar damina. Mazauna bakin tafki sun koyi bin wannan zagaye, suna shuka a kan dausayin da ruwa ya janye ya bari, makiyaya kuma suna samun ɗanyar ciyawa da rani.

Shawara mafi wuya takan zo ne a watan Satumba. Idan injiniya ya bar tafki ya cika da wuri domin gudun kada baƙin ruwa ya zo da rauni, sai kuma aka yi ruwan sama mai yawa, ba shi da wurin zuba shi, dole ya buɗe ƙofofin malala 4 da ke jikin madatsar, ruwa ya sauka a kan mutanen ƙasa gaba ɗaya. Idan kuwa ya saki ruwa da wuri domin ya bar wuri, sai damina ta ɗauke, baƙin ruwa kuma bai zo da ƙarfi ba, to ƙasa za ta shiga duhu da bazara. Gaba kura, baya sayaki. Abin da yake rage wannan haɗari shi ne samun labarin ruwa tun daga nesa, wato awon kogi a wurare irin su Kulikoro da Yamai, domin ruwan da aka gani a can yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya iso.

3.4 Shekarun Fari

An tsara Kainji ne bisa awon ruwan da aka tara har zuwa shekarun 1950 da farkon 1960, waɗanda shekaru ne na wadatar damina a Afirka ta Yamma. Ba a daɗe da buɗe tashar ba sai yanayi ya juya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya rage ruwan Kwara ƙwarai. A daidai wannan lokaci ne, a 1972, aka haɗe ECN da NDA aka kafa hukumar NEPA. Kuɗin man fetur kuma ya sa birane suna faɗaɗa, masana'antu suna ƙaruwa a Legas da Kano da Kaduna, ga shi Kainji ce take ɗauke da babban kaso na wutar ƙasa. Bukata tana hawa, ruwa yana sauka. A ƙarshen shekarun 1970 ɗauke wuta da rabonta unguwa-unguwa ya zama abin yau da kullum.

Farin 1983 zuwa 1985 ya fi na farko tsanani. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awonsa. A irin waɗannan shekaru tafki ba ya kaiwa cikarsa, saboda haka tun daga farkon rani ake shiga da gibi. Darasin da aka koya shi ne kada ƙasa ta rataya a kan kogi ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka ƙara ba da ƙarfi ga tashoshin gas a kudu, kamar ta Sapele da ta Egbin.

Amma ba daidai ba ne a ɗora wa fari dukkan laifi. A shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa, duk da haka wutar Kainji ba ta koma yadda aka tsara ba, domin injina sun tsufa, kayan gyara sun yi wuya, wasu injinan kuma sun yi shekaru a tsaye. Injin da ya lalace ba ya shan ruwa. Ruwan da ya kamata ya bi ta cikinsa ya zama wuta sai ya taru, daga baya a zubar da shi ta ƙofofin malala a banza. A nan ne matsalar inji take rikiɗa ta zama matsalar ruwa.

3.5 Jebba, Shiroro da Matsalar Ambaliya

A shekarar 1985 aka buɗe tashar Jebba mai megawat 578, kimanin kilomita 100 a ƙasa da Kainji. Mafi yawan ruwan Jebba wanda Kainji ta saki ne, wato ruwa ɗaya yana yin wuta sau biyu. Sai dai tafkin Jebba ƙarami ne idan aka kwatanta da na Kainji, ba ya iya riƙe ruwa mai yawa. Don haka duk lokacin da Kainji ta buɗe ƙofofinta, Jebba ma dole ta buɗe nata. A 1990 kuma aka buɗe Shiroro mai megawat 600 a kan Kogin Kaduna, wanda yake zubawa cikin Kwara a ƙasar Nufe. Idan madatsun uku suka saki ruwa a lokaci guda, fadamun Nufe ne suke karɓarsa.

Haka ya faru a 1998 da 1999, inda ruwa ya ci garuruwa da gonakin shinkafa da na rake a jihohin Neja da Kwara da Kogi. Mutanen yankin suka ɗora laifi a kan NEPA, suna kukan cewa ba a yi musu gargaɗi a kan lokaci ba. Hujjar masu kula da madatsa kuwa ita ce idan aka ƙi sakin ruwa har ya haura bango, asarar da za a yi ta fi ƙarfin lissafi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma abin da tarihin ya nuna shi ne an fi kula da lissafin wuta fiye da shirin sanar da jama'a. A ambaliyar 2012, wadda ta haɗa da ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan Binuwai, mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka rasa matsuguni a faɗin ƙasa.

Koke-koken al'ummomin da ke zaune kusa da madatsu su ne suka kai ga dokar 2010 da ta kafa hukumar HYPPADEC domin raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, ko da yake sai bayan kimanin shekara 10 ta fara aiki, da hedikwata a Minna. A 2010 ɗin ne kuma aka kafa hukumar NIHSA mai kula da awon koguna da hasashen ambaliya.

3.6 Ruwa da Maƙwabta

Tun kafin a gama Kainji, ƙasashen da kogin ya ratsa sun gane cewa sai sun zauna tare. A 1964 aka kafa Hukumar Kogin Neja, wadda aka sake wa fasali a 1980 a garin Farana na Gini ta zama Hukumar Kwarin Kogin Neja. Tana da ƙasashe 9, hedikwatarta kuma tana Yamai. A 2008 ƙasashen suka amince da yarjejeniyar ruwa wadda ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da sauran kafin ta yi babban aiki a kan kogin.

Damuwar Nijeriya a kullum ita ce ayyukan da ke sama da ita. Madatsar Markala a Mali tana karkatar da ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake tun 1947, an kuma ƙara ta Selinge a farkon shekarun 1980. Dangane da Nijar kuwa, a 1976 aka ja layin wuta daga Birnin Kabi zuwa Yamai. An daɗe ana fassara wannan ciniki da cewa wata dabara ce ta riƙe ruwa, wato Nijeriya ta ba maƙwabciyarta wuta mai sauƙin kuɗi domin kada ta matsu da datse kogin. Duk da haka Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji a 2008, aikin ya tsaya, aka sake tayar da shi a 2019. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta bisa takunkumin ECOWAS, ba ta mayar ba sai a Maris 2024. Wannan ya nuna cewa wuta da ruwa igiya ɗaya ce ta ɗaure ƙasashen biyu: ɗaya tana riƙe da makunni, ɗaya tana zaune a saman kogi.

3.7 Bayan Sayar da Hannun Jari

A 2005 aka rushe NEPA aka kafa PHCN, sannan a watan Nuwamba na 2013 gwamnati ta ba kamfanin Mainstream Energy Solutions hayar tashoshin Kainji da Jebba. Kasancewar tashoshin biyu a hannu ɗaya ya dace da halin kogin, tun da ruwansu ɗaya ne. An kuma gyara wasu daga cikin injinan Kainji da taimakon rancen Bankin Duniya. Amma canjin mai gida bai canza ainihin matsalar ba. Kamfani yana samun kuɗi ne da yawan wutar da ya sayar, saboda haka tafki cikakke shi ne ribarsa, alhali manomin fadama ya fi kwanciyar hankali idan an bar wa ruwan Satumba wuri. Kammala madatsar Zungeru mai megawat 700 a kan Kogin Kaduna a 2023 ya ƙara yawan ƙofofin da dole a daidaita buɗe su.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda tashar Kainji ta dogara da ruwa iri biyu, na gida da na waje, da yadda aka tsara cika tafki da rage shi a cikin shekara. An kuma ga cewa farin shekarun 1970 da 1980 ya tona raunin lissafin da aka gina tashar a kansa, lalacewar injina ta sa an yi asarar ruwa a shekarun wadata, ambaliyar 1998 da 1999 da 2012 kuma ta nuna cewa mutanen da ke ƙasa da madatsa suna cikin lissafin ko an sa su ko ba a sa su ba. Abin da za a iya fahimta shi ne sarrafa ruwa a Kainji bai taɓa zama aikin injiniya shi kaɗai ba, domin ya haɗa da siyasar ƙasashe da haƙƙin talakawan bakin kogi. A babi na gaba za a dubi yadda tafkin ya sauya sana'ar su da noma a ƙasashen Yawuri da Bargu.